Wa za a ba aikin tsakar gida?

In an gama girbi, an kai damma gida, an rufe rumbuna, sai hankalin magidanta ya koma kan gini. Lokacin ɗari shi ne lokacinsa. Babu ruwan sama da zai jiƙa tubali. Ga ƴan kuɗin gyaɗa da na wake a hannu. Duk garin da aka shiga, a ƙasar Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, za a tarar da samari a bakin kududdufi suna kwaɓa ƙasa.

Mutumin ƙauye ba cikin ɗaki yake wuni ba. Ɗaki na kwana ne da ajiyar kaya. A tsakar gida ake daka, a nan ake girki, a nan ake cin tuwo. A nan tsohuwa take shimfiɗa tabarmarta. In bazara ta yi, har kwana a waje ake yi. Saboda haka wanda ya tada katanga, ya kafa rumfa, ya dasa itace, ya fidda wa ruwa hanya, ya yi aikin da kowa a gidan zai mora. Amma aikin yana cin kuɗi, kuɗin manomi kuwa sau ɗaya suke zuwa a shekara. In ya ba wanda bai iya ba, sai ya jira baɗi, ko baɗin baɗaɗa.

Daminar 2024 ta yi ɓarna ƙwarai. A ƙarshen watan Agusta ruwa ya rushe gidaje a garin Maraɗi, an yi hasarar rayuka. A farkon watan Satumba tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya fi shekara 150, ya faɗi. A ƙauyuka ba a ƙidaya katangun da suka zube. A watan Oktoba gwamnati ta rage kuɗin siminti don mutane su samu su sake gini. Da rani ya shigo, magina suka yi tsada. Waɗanda ba magina ba ma suka sayi cokali da igiya, suka ce su magina ne.

Akwai wani manomi a wani ƙauye na bakin Gulbin Maraɗi, kan hanyar Madarunfa. Ya ba shekara hamsin baya. Yana da mata ɗaya, da ɗiya shida, da mahaifiyarsa tsohuwa. A wannan damina katangarsa ta gabas ta faɗi da dare. Ta danne tunkiya, ta karya rumfar da tsohuwa take wuni a ƙarƙashinta. Allah ya kiyaye, ba kowa a wurin. Ruwa ya kwana uku a tsakar gida bai fita ba. Sauran daminar duka zana aka kafa. Awakin maƙwabta suna shigowa. Mai wucewa yana hangen matan gida suna daka. Wannan shi ya fi ci wa maigidan rai.

Da kaka ta yi, ya kai sansa kasuwa. Shekara uku yana kiwonsa. Ya haɗa da kuɗin gyaɗa, ya tashi da jika 350. Ba shi da wani sa a bayan wannan.

Abin da yake so ba shi da yawa. Katanga ta kewaye gida. Rumfa mai faɗi, wadda za ta ɗauki tsohuwa da masu daka da baƙi mata. Dakali a ƙofar zaure. Wurin wanke-wanke da ba zai zama taɓo ba. Itace na inuwa da na marmari. Sai kuma ruwa ya riƙa fita.

Wanda ya fara zuwa ɗan kwangila ne daga birni. Ya zo a kan babur, da salula a hannu. Ya nuna hotunan gidaje masu furanni da ƙasa shimfiɗe da siminti. Ya ce jika 600, bulo zalla, kwana 20, a ba shi rabi kafin alƙalami. Maigida ya tambaya ina gidajen suke. Ya ce ɗaya a Yamai, ɗaya a Kano. Bai shiga bayan ɗakuna ba. Daga zaure ya auna gidan da ido. Ba a ce ɓarawo ne ba, cikin ƴan kwangilar birni akwai masu amana. Amma hoto ba ya nuna ranar da aka yi ruwa. Kuma ba shi zai riƙe cokali ba, wasu yara zai turo. In katanga ta tsage, sai an biya kuɗin mota an je nemansa. Kuɗin ma sun fi ƙarfin maigida. Aka yi sallama cikin mutunci.

Na biyu shi ne mai wuya, don ɗan gida ne. Ƙanin uwargida ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya yi shekara uku a Aljeriya yana aikin lebura a wurin gini. Ya iya kwaɓa siminti, ya iya buga bulo, ya iya ja da igiya. Ya dawo ba kuɗi, ga shi yana neman aure. Ya ce zai yi aikin duka a jika 250. Zai tada katangar ƙasa cikin kwana goma, ya shafe ta da siminti ciki da waje, ya malale tsakar gida da siminti kamar na birni. Maigida ya ce to a rubuta. Saurayin ya yi dariya, ya ce: «Haba Yaya, tsakanina da kai har sai an yi takarda?»

Kashegari saƙon suruka ya iso. Ta ce ta ji za a yi aiki, ta san ba za a tsallake na gida a ba bare ba. Uwargida ba ta ce kome ba. Amma tuwon daren nan shiru aka ci shi.

Duk wanda ya taɓa zama a ƙauye ya san nauyin wannan magana. In an hana ɗan'uwa, an ɓata zumunta. In an ba shi ya ɓata aiki, ba a iya kai shi gaban maigari, ba a iya ce masa ya biya. An rasa kuɗi, kuma zumuntar ma ba ta tsira ba. Maigida ya kwana uku yana juyi. Rannan da safe ya je gaida tsohuwa. Ta ce masa: «Kai da kake da ƙafa, me ya hana ka zagaya? Ruwan bana ai bai bar kowa da asiri ba. Je ka ga katangun da suka tsaya, ka tambayi wanda ya gina su.»

Haka ya yi. Ya zagaya garinsu. Ranar kasuwa ya zagaya garuruwa biyu na kusa. Inda ya ga tsohuwar katanga a tsaye, maƙwabtanta a kwance, sai ya yi sallama ya tambaya. Bai nemi sabon gini ba. Sabon gini kowa nasa da kyau. Wanda ya sha damina uku ko biyar yake nema. Yana duba gindin katanga, ko ruwa ya ci shi. Yana duba kusurwa, ko ta rabu. Yana kwankwasa yaɓe ya ji ko ya saki. Sau huɗu ana faɗa masa suna guda: wani dattijo a garin da ke gaba, wanda ya gaji gini wurin ubansa.

Ya kuma tarar da katanga guda ta wannan dattijo da ta faɗi. Wannan ita ta fi ba shi labari. Mai gidan bai ɓoye ba. Ya ce tun ranar gini maginin ya gaya masa wurin kwari ne, sai an sa dutse a gindi. Shi ne ya ƙi, don kuɗi. Da ta faɗi, tun kafin a aika masa, dattijon ya zo da sassafe ya duba. Ya kawo yaransa biyu suka kwashe ƙasar daga kan hanya, bai karɓi ko dala ba. Maigida ya riƙe wannan a ransa. Kowane magini wata rana aikinsa zai samu matsala. Abin da ake so a sani shi ne, in ta samu, zuwa yake yi ko ɓuya.

Da ma can haka gini yake a ƙasar Hausa. Magini ɗan gari ne, kullum yana wucewa ta gaban aikinsa. A Damagaram akwai sarkin magina, wanda ya san hannun kowa cikin masu sana'ar. A garin Yama, cikin jihar Tawa, da mutane suka tashi gina masallacin Juma'a a 1962, ba su aika birni ba. Sun ba Falke Barmu, manomi kuma magini, ɗan garin. Da ƙasa ya gina shi, jama'a suna kawo ruwa da tubali. A 1986 masallacin ya samu kyautar Aga Khan, wadda ake ba gine-gine na ƙasashen Musulmi. Mutanen Yama ba hoto suka gani ba. Sun san ɗakunan da ya gina a garin.

Maigida ya aika aka kira dattijon. Ya zo a ƙasa, da sanda, da ɗansa a baya. Bai yi maganar kuɗi ba sai da rana ta karkata. Da farko ya nemi iso ya shiga cikin gida. Ya zagaya bayan ɗakuna, ya leƙa makewayi, ya duba indararo, ya ga inda kowane yake zubar da ruwa. Sai ya ce a kawo masa ruwa bokiti biyu. Ya tsaya tsakiyar gida ya kwarara, ya tsuguna yana kallo. Ruwan ya gangara gabas, ya je ya tsaya daidai inda katanga ta faɗi.

Ya ce: «Malam, ga ɓarawonka nan. Ba ruwan sama kaɗai ya kada ta ba. Ruwan gidanka ne yake kwana a gindinta. Rariyarka tana yamma, gidan kuwa gabas ya karkata. Ko da bulo ka gina, in ba a gyara wannan ba, za ka sake sayar da sa.»

Ya bayyana abin da za a yi. Za a fasa sabuwar rariya a kusurwar gabas, mai faɗin taƙi biyu, a ɗaure bakinta da siminti. Za a zuba amalanke goma sha na jar ƙasa mai tsakuwa a cike kwarin, a daɓe, ƙasa ta riƙa gangara a hankali zuwa rariya. A waje kuma a ja ƴar hanya har zuwa lungu, kada ruwan ya faɗa wa katangar maƙwabci. Ya ce a kira maƙwabcin tun yanzu a gaya masa. Rigimar ruwa tsakanin maƙwabta ta fi rigimar gona daɗewa.

Daga nan ya tsaya nesa, ya gaida uwargida, ya tambaye ta inda take sa turmi da safe, da inda take komawa in rana ta take. Ya tambayi tsohuwa inda take jin daɗin zama da ɗari, da inda take zama da bazara. Maigida ya yi mamaki. Shi da kansa bai taɓa tambayarsu ba, ga shi su ne masu wuni a wurin. Da ya bi nasa ra'ayi, da a tsohon wurin zai mai da rumfa. Uwargida ta ce hayaƙin murhu can yake bi, shi ya sa tsohuwa take tari. Aka matsar da rumfa kudu da ɗakin tsohuwa, ɗakin ya tare mata iskar hunturu.

A kan katanga dattijon ya daɗe yana magana. Ya ce hadari daga gabas yake tasowa, katangar gabas ita ke shan duka, ita za a fi ba kauri. Za a haƙa tushe har a samu ƙasa mai tauri. Daga tushe zuwa gwiwa bulo na siminti, don nan ne ruwa yake ci. Daga gwiwa zuwa sama tubali, ƙasa da kauri, sama da sirantaka. Ba a tada ta rana ɗaya. A yi sahu kaɗan, a bari ya sha iska, a ƙara. Ƙasar yaɓe kuma sai an kwaɓa ta da ciyawa da kashin dabbobi, an bar ta ta kwana da kwanaki ta ruɓa. In an samu makuba, ta ɓawon ɗorawa, a yi wa gefen gabas da ita.

Maigida ya kawo maganar shafa siminti a kan katangar ƙasa. Bai faɗi wanda ya ba shi shawarar ba. Dattijon ya girgiza kai. Ya ce siminti da ƙasa ba sa riƙe juna. Shekara ɗaya ko biyu sai ya tsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, ya jiƙa ƙasar daga ciki. Daga waje katanga tana ƙyalli, ciki kuwa ta zama kunu. Wannan gaskiya ce, duk wanda ya duba gidajen da suka faɗi ya ga ɓawon siminti a kwance kamar fasasshen kasko. Malale tsakar gida da siminti ma ya ce a bari. Da bazara ba mai iya taka shi ba takalmi, da dare kuma yana mai da zafi. Wurin wanke-wanke kaɗai za a yi wa, da dakali.

Rumfa ta kawo gardama kaɗan. Maigida yana son kwano, don ba a sake shi kowace shekara. Dattijon ya ce kwano da rana tanda ne, tsohuwa ba za ta zauna ba. A rufa da zana da karan dawa, in sun tsufa a sake. Ginshiƙai ne abin kashe wa kuɗi, saboda gara. Iccen ƙirya gara ba ta cinsa da sauri, amma ya yi wuya yanzu, kuma ba a saransa sai da izinin ma'aikatan daji. Ya ce kada maigida ya yarda da wanda zai kawo masa icce da dare, tara za ta cinye ribar. Aka tsaya a kan bututun ƙarfe shida, a dasa gindinsu cikin siminti.

Sai maganar itace. A nan ne mutane da yawa suke kuskure, don icce yana ƙarami ake dasa shi, ana mantawa zai girma. Maigida yana son dogon yaro a jikin katanga, ya yi wa gida da waje inuwa. Dogon yaro icce ne mai haƙuri. Shi aka jera a kwarin Majiya, wajen Buza, tun daga 1975, layi biyu-biyu, don ya tare wa gonaki iska. Amma saiwarsa tana tafiya nesa, tana ɗaga gini. Dattijon ya auna taki shida daga katanga da kowane ɗaki, ya kafa tsinke. Nan za a sa shi, guda ɗaya tak. Mangwaro da lemun tsami kusa da wurin wanke-wanke, inda ruwa yake zuwa kullum, amma a ja ruwan sabulu gefe. Zogale biyu a bayan madafa, don miya da kwaɗo. Turare kuwa ya ce kada a kawo shi cikin gida, shan ruwansa ya yi yawa. Ramuka za a haƙa tun da rani, faɗi da zurfi rabin metir, a zuba taki ya ruɓa. Dashe sai damina ta zauna. Kowane icce da kewayensa na ƙaya, saboda awaki.

Da la'asar ya faɗi kuɗi. Jika 340, wata biyu. Maigida ya ce: «Baba, wani ya ce zai yi mini a 250, cikin kwana goma.» Dattijon bai ɓata rai ba. Ya ce: «Yana iyawa. Ka tambaye shi amalanke nawa na jar ƙasa ke cikin kuɗinsa, da buhu nawa na siminti, da wanda zai biya mai kawo ruwa.» Maigida ya je ya tambaya. Babu jar ƙasa a lissafin saurayin, babu rariya, babu ramukan itace. Ruwa kuma ya ɗauka yaran gida za su ɗebo. Ba ha'inci ya yi ba. Bai taɓa riƙe aiki daga farko har ƙarshe ba, abin da aka sa shi kaɗai ya sani. Da aka haɗa abin da ya manta, araharsa ta gudu.

Aka yi ciniki da dattijon, aka tsaya a jika 320. Maigida zai ba da abincin rana. Amalankensa da jakinsa za su yi jigilar ƙasa.

Saura suruka. A nan dattijon ne ya kawo mafita, ba tare da ya san ana nemanta ba. Ya ce shi hannunsa na ƙasa ne. Bulo da dakali da bakin rariya yakan ɗauki wani ya yi masa. In akwai wanda ya iya a garin, ya fi masa sauƙi. Maigida ya ce akwai. Saurayin da ya ji zai yi aiki a ƙarƙashin wani, ya yi fushi, ya kwana bakwai bai tako gidan ba. Uwargida ce ta ɗauki mayafi ta tafi wurin uwarta. Ba a san abin da suka faɗa ba. Rana ta takwas ya zo da cokalinsa.

Maigida ya yi shekara biyu a makarantar yaƙi da jahilci. Uwargida ma ta yi, har ta fi shi hannu. Ita ta rubuta takardar, da Hausa, a falle biyu na littafin ɗiyarta ta lakwal. Aka karanta a gaban maigari da liman. Ga abin da ke ciki, a taƙaice. Tsawon katanga da tsayinta da kaurinta, da metir. Yawan buhunan siminti, kuma maigida ne zai saya da kansa, ya ajiye a ɗakinsa. Buhu guda mai kilo 50 ba zai wuce bulo 30 ba, kuma a shayar da bulo ruwa kwana bakwai kafin a ɗora. Rabon saurayin daban, a hannun maginin zai karɓa. Kuɗi kashi huɗu: na farko ranar da aka fara haƙa tushe, na biyu in katanga ta kai kafaɗa, na uku in an gama rumfa da daɓe. Jika 40 na ƙarshe za su zauna a hannun maigari har a yi manyan ruwa uku.

Wannan na ƙarshe dattijon bai so shi ba. Ya ce shekara arba'in yana gini ba a taɓa riƙe masa kuɗi ba. Maigari ya ce ko gwamnati in ta ba da kwangilar lakwal ko ta likita takan riƙe wani abu sai an ga lafiyar aiki. Dattijon ya yi shiru, sannan ya ce shi ma yana da sharaɗi. A rubuta cewa in ranar biya ta zo ba a biya ba, zai ɗauke yaransa, kuma ba mai cewa ya gudu. A rubuta kuma cewa ba za a ƙara masa aiki a tsakiya ba sai da sabon ciniki. Yana da gaskiya. Ba magina kaɗai suke cuta ba. Akwai masu gida da in an fara sai su ce a ɗan ƙara akurki, a ɗan gyara rumbu, a ɗan taɓa ɗakin amarya, duk a kuɗi guda. Aka rubuta. Kowa ya dangwala hannu. Falle ɗaya wurin maigida, ɗaya wurin magini.

Aikin bai tafi sumul ba. Ana cikin buga bulo, uwargida ta ƙirga daga bakin madafa, ta ga buhu ya ba da 38. Ta ɗauko littafi ta nuna wa ƙaninta. Ya ce a Aljeriya ma haka ake yi. Ta ce: «Nan ba Aljeriya ba ne, katangar da ɗiyana za su kwana a gindinta ce.» Aka farfasa na ranar tun suna ɗanye, aka ƙara siminti aka sake. Da maigida ne ya faɗi wannan magana, da ta kai gidan suruka kafin magariba.

Dattijon ma ya yi nasa. Katanga tana kafaɗa, ya karɓi kashi na biyu, sai ya ɓace kwana tara. Ya tafi fara wani aiki a garinsu. Haka magina suke in aiki ya yi yawa, suna tsoron kada na gaba ya kuɓuce. Maigida bai yi faɗa ba. Ya ɗauki takarda ya je har gida, ya gaishe shi, ya karanta masa ranar gamawa. Ya ce: «Baba, zafi yana tafe, tsohuwa ba ta da inuwa.» Dattijon ya ji kunya. Kashegari ya dawo. Duk da haka wata biyu ya zama wata biyu da rabi. Daɓen tsakar gida matan unguwa ne suka yi shi gayya, uwargida ta dama musu fura.

Daminar 2025 ta zo. Ruwan farko mai ƙarfi da dare aka yi shi. Maigida ya fito da fitila ya tsaya a bakin rariya, ya ga ruwa yana fita kamar an kore shi. Da safe tsakar gida ba taɓo. Bayan ruwa na biyu aka ga ƴar tsaga a kusurwar arewa, inda sabuwar katanga ta haɗu da tsohon ɗaki. Aka aika. Dattijon ya zo da ɗansa, suka buɗe wurin, suka cike, suka yaɓe. Bayan ruwa na uku maigari ya kira shi ya ƙirga masa jika 40.

Abu guda takardar ta manta. Ba ta faɗi wanda zai ɗauki hasara in icce ya mutu ba. Cikin biyar da aka dasa, biyu ba su yi ba. Akuya ta tura kewayen mangwaro ta cinye shi. Lemun kuma ya bushe, ba a san dalili ba. Maigida ya ce dashen ne bai yi kyau ba. Dattijon ya ce shi gini aka ba shi, ba kiwon akuya ba. Suka ja maganar har gaban liman. Aka raba: magini ya kawo lemu, maigida ya sayi mangwaro.

Suruka har yanzu in an taɓo zancen takan ce an ɗauki kuɗin sa an ba bare. Amma ranar sallar layya a ƙarƙashin rumfar ta wuni, ita da tsohuwa. Sabon mangwaron ya kai gwiwa. An kewaye shi da ƙaya riɓi biyu, kuma tsohuwa ta mai da butarta can, a gindinsa take alwala.